Matambayi Ba Ya Ɓata: Yadda Ake Tafiyar da Zauren Tambaya da Amsa na Fiziks a Intanet

Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa ɗalibi ba ya gane inda karatu ya shige masa duhu a lokacin da malami ke tsaye gaban allo. A aji komai kan zama kamar shan ruwa. Sai dare ya yi, ya buɗe littafi shi kaɗai, ya ɗauki alƙalami zai warware lissafin da aka ba shi, sannan ne tambaya kan taso masa, a daidai lokacin da malami ya tafi gida, ofis kuma yana kulle. Idan jami'a ce abin ya fi tsanani, domin kuwa darasin Fiziks na shekarar farko kan tara ɗaruruwan ɗalibai a babban ɗaki guda: masu son zama injiniyoyi, da likitoci, da masu haɗa magunguna, da malaman kimiyya. Duk cikinsu babu wanda zai wuce gaba sai ya ci wannan darasi. Ke nan tambaya guda da ta kwana ba a amsa ba tana iya zama sanadin faɗuwa jarrabawa, faɗuwar kuma ta jawo maimaita shekara ko sauya fanni baki ɗaya.

Wannan ne ya sa jami'o'i da masana suka ɓullo da abin da za mu kira zauren tambaya da amsa, wato wani wuri a intanet inda ɗalibi zai ajiye tambayarsa a duk sa'ar da ta taso, malami ko wani wanda ya sani ya amsa, amsar kuma ta zauna domin amfanin na baya. A wannan maƙala za mu duba asalin irin wannan zaure, da dalilin da ya sa Fiziks ta fi bukatarsa, da yadda ake gudanar da shi, da kuma matsalolin da masu riƙe da shi kan yi fama da su.

Asalin Abin

Mai karatu zai iya zaton cewa sai da wayar hannu ta zo aka fara wannan aiki. Tarihinsa ya girmi wayar hannu nesa ba kusa ba. A shekarar 1960, a Jami'ar Ilinoi ta ƙasar Amurka, wani injiniya mai suna Donald Bitzer ya fara gina tsarin koyarwa da na'ura mai ƙwaƙwalwa wanda aka sa wa suna PLATO. Babbar kwamfuta guda ce, aka jona mata alluna masu yawa, kowane ɗalibi ya zauna gaban nasa yana karatu, kuma Fiziks na cikin darussan da aka rubuta mata. A 1973 wani matashi ɗan shekara 17, David Woolley, ya ƙara wa tsarin wani sashe da aka kira Notes. Da farko an yi shi ne domin masu amfani da na'urar su kai ƙorafi idan wani abu ya lalace. Hikimar da ke ciki ita ce, kowane saƙo yana zaune tare da amsoshinsa a jere a ƙarƙashinsa, kowa na gani. Ba a daɗe ba aka faɗaɗa shi har ya zama darasi na iya samun nasa sashen, inda ɗalibai ke tambaya, malamai na amsawa.

Mataki na biyu ya zo ne daga masana Fiziks ɗin kansu. A 1989 Tim Berners-Lee, wanda ke aiki a cibiyar binciken CERN kusa da birnin Janiba na Siwizalan, ya gabatar da shawarar tsarin da ya zama yanar gizo, kuma manufarsa ta farko ita ce masana su riƙa musayar bayanai cikin sauƙi. A 1993 cibiyar ta sakar wa duniya wannan fasaha kyauta. A tsakanin nan, a 1992, Scott Chase ya fara tattara tambayoyin Fiziks da aka fi maimaitawa a tsohuwar hanyar sadarwa ta Usenet, tare da amsoshin da masana suka tace. A cikin kundin akwai irin su: me ya sa sararin sama yake shuɗi? Shin gilashi daskararren abu ne ko ruwa ne mai tafiyar hawainiya? Dabarar kundin ita ce a amsa tambaya sau ɗaya da kyau, a ajiye, duk wanda ya sake kawo ta a nuna masa hanya.

A shekarar 1992 ɗin dai, Jami'ar Jihar Mishigan ta fara amfani da wani tsari mai suna CAPA, wanda ke bai wa kowane ɗalibi aikin gida iri ɗaya da na abokinsa, amma da alƙaluma daban. A 1994 kuma Farfesa Mats Selen na Jami'ar Ilinoi ya kafa shirin Physics Van, wata mota da ɗaliban jami'a ke zagaya makarantun yara da ita suna nuna gwaje-gwaje, daga baya shirin ya buɗe shafin amsa tambayoyi wanda ya tara amsoshi dubbai. A 2009 Pooja Sankar ta kafa Piazza, wanda aka tsara musamman domin aji guda da malaminsa. A 2010 aka buɗe Physics Stack Exchange, inda masana da ɗalibai daga ko'ina a duniya ke tambaya da amsawa. Kayan aiki sun yi ta sauyawa a cikin waɗannan shekaru, amma matsalolin da za mu tattauna a gaba suna nan yadda suke.

Me Ya Sa Fiziks Ta Fi Bukata?

Ɗalibin da ya shiga ajin Kemistiri bai zo da wani ra'ayi nasa game da ƙwayar zarra ba. Amma duk wanda ya shiga ajin Fiziks ya zo da tasa Fiziks ɗin daga gida, domin tun yana yaro yake tura kura, yana jifa da dutse, yana jan guga daga rijiya. Idonsa ya koya masa cewa abu ba ya tafiya sai ana tura shi, da kuma cewa abu mai nauyi ya fi marar nauyi saurin faɗowa. Waɗannan ra'ayoyi suna yi masa aiki a rayuwar yau da kullum, don haka suna da saiwa. Sai dai sun saɓa wa ƙa'idojin motsi da Ishaƙu Niyuton ya wallafa a 1687.

A 1992 David Hestenes na Jami'ar Jihar Arizona, tare da Malcolm Wells da Gregg Swackhamer, suka wallafa wata jarrabawa ta musamman mai tambayoyi wajen talatin a kan ƙarfi da motsi. Babu lissafi a cikinta. Kowace tambaya tana da amsar gaskiya guda, sauran zaɓin kuma an ɗauko su ne daga irin ra'ayoyin da ɗalibai ke zuwa da su daga gida. Sakamakon ya girgiza malamai da dama, domin an ga ɗalibai masu cin lissafi mai wuya suna faɗuwa a tambayoyin da ake ganin na yara ne. Farfesa Eric Mazur na Jami'ar Harvard ya gwada irin waɗannan tambayoyi a kan ɗalibansa a farkon shekarun 1990, abin da ya gani kuwa ya sa ya sauya salon koyarwarsa: ya riƙa tsayar da lacca, ya jefa tambaya, ya bar ɗalibai su yi muhawara da na kusa da su kafin ya yi bayani. Ya wallafa littafi a kan wannan hanya a 1997.

A 1998 Richard Hake ya tattara sakamakon azuzuwa 62 masu ɗalibai sama da 6,000, ya auna abin da suka sani kafin darasi da bayansa. Ya samu cewa azuzuwan da ake yi wa lacca zalla sun cike kimanin kashi 23 cikin ɗari na giɓin da ɗalibai suka zo da shi, su kuwa azuzuwan da ake tambaya da muhawara sun cike kimanin kashi 48. Alal misali, ajin da ya fara da maki 40 yana da giɓin maki 60. Ta hanyar farko zai ƙare da wajen maki 54, ta hanya ta biyu kuma wajen 69. Darasin da ke nan ga mai riƙe da zauren tambaya a bayyane yake. Kuskuren da ke cikin kan ɗalibi ba ya fita sai ya furta shi wani ya ji, kuma babban aikin zauren shi ne ya ba shi wurin furtawa.

Yadda Ake Tsara Zauren

Abu na farko shi ne masu amsawa. A jami'o'in da ke da irin wannan zaure, akan raba aikin tsakanin malamin darasi, da ɗaliban babban digiri masu taimaka masa, da kuma su kansu ɗaliban ajin. Bari mu yi ɗan lissafi mu ga dalili. A ce aji yana da ɗalibai 400, kowane ya aiko da tambaya guda a mako, kowace amsa kuma ta ci minti 10. Jimilla minti 4,000 ke nan, wato wajen awa 67, abin da ya zarce aikin mutum guda na mako ɗungurungum. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka akan yi jadawalin karɓa-karɓa, a kuma sanar da ɗalibai tsawon lokacin da za su jira amsa, domin zauren da tambaya ke kwana uku a cikinsa ba a kula ta ba, ɗalibai kan ƙaurace masa.

Abu na biyu shi ne ajiya. Tambayoyin ɗari huɗun nan ba iri ɗari huɗu ba ne. Aji guda ne, littafi guda, aikin gida guda, don haka mafi yawansu kan taru ne a 'yan wurare kaɗan. Idan amsa tana fili inda kowa zai gani, kuma an jera ta ƙarƙashin babinta, motsi daban, zafi daban, lantarki daban, to amsa guda za ta ishi mutum hamsin. Wannan shi ne fifikon zaure a kan wasiƙar da malami zai aika wa ɗalibi shi kaɗai. Bayan shekara biyu ko uku, ajiyar kan zama wani littafi na biyu, wanda ɗalibai ne suka zaɓi babukansa da tambayoyinsu.

Abu na uku shi ne alamar inganci. Tun da ɗalibai ma suna amsawa, dole mai karatu ya san amsar da zai dogara da ita. A Piazza malami na iya sa wa amsar ɗalibi alamar amincewa. A Physics Stack Exchange kuwa masu karatu ne ke ƙuri'a, amsar da ta fi samun goyon baya ta hau sama, kuma ana iya gyara amsa bayan an rubuta ta. Kowace hanya tana da rauninta, domin ƙuri'a kan bi amsa mai daɗin karatu ko da tana da ɗan kuskure, alamar malami kuma kan makara idan aiki ya yi masa yawa.

Abu na huɗu shi ne rubuta lissafi da zane. Fiziks ba ta yiwuwa da kalmomi zalla. Da yawa daga cikin waɗannan zauruka suna amfani da tsarin rubutun lissafi wanda ya samo asali daga TeX, wanda Donald Knuth ya fara a 1978. Inda hakan ya yi wa ɗalibi wuya, hoton aikinsa na takarda da ya ɗauka da waya ya wadatar, muddin rubutun yana karantuwa.

Yadda Ake Amsa Tambaya

A nan ne ake gane gwani. Bari mu ɗauki tambayar da kusan kowane malamin Fiziks ya sha ji. An jefa dutse sama a miƙe da gudun mita 19.6 a sakan guda. Ɗalibi ya yi lissafinsa daidai: jan ƙasa yana rage gudun da mita 9.8 a sakan cikin kowane sakan, don haka bayan sakan 2 gudun ya ƙare. Matsakaicin gudunsa a wannan tafiya mita 9.8 ne a sakan, a ninka da sakan 2, dutsen ya hau mita 19.6. Sai tambaya ta gaba ta ce: nawa ne canjin gudun dutsen a kowane sakan a daidai lokacin da ya kai ƙololuwa? Ɗalibi ya rubuta sifiri, na'ura ta ce ya faɗi, sai ya garzaya zaure yana cewa lallai akwai kuskure a littafi, tun da dutsen ya tsaya cik.

Mai amsa na iya rubuta 9.8 ya wuce abinsa, cikin sakan biyar an gama. Ɗalibin zai samu makinsa, amma tunanin da ya kai shi ga sifiri yana nan daram, kuma zai sake kayar da shi ranar jarrabawa. Gwani kuwa tambaya zai mayar masa: "Idan a ƙololuwa gudun dutse sifiri ne, kuma gudun nan ba ya canjawa, mene ne gudunsa bayan sakan guda?" Da ɗalibi ya ɗan yi tunani zai ga cewa bisa ga maganarsa dutsen zai maƙale ke nan a sama har abada. Tun da kuwa kowa ya san yana faɗowa, ashe gudun yana canjawa har a wannan ɗan lokaci. Ƙasa ba ta daina jan dutsen ba don ya tsaya. Kafin ƙololuwa da sakan guda yana hawa da gudun 9.8, a ƙololuwa sifiri, bayanta da sakan guda yana sauka da gudun 9.8. A kowane sakan canjin guda ne, kuma kullum fuskarsa ƙasa take kallo. Abin da ya rikita ɗalibin shi ne ya haɗa gudu da canjin gudu ya mai da su abu guda, kuma wannan ne ciwon da ya kamata a yi wa magani.

Ga misali na biyu. Babbar mota mai kilogiram 10,000 ta yi karo da ƙarama mai kilogiram 1,000. Wace ce ta bugi 'yar'uwarta da ƙarfi mafi yawa? Kusan kowa zai ce babbar, domin ƙaramar ce ke rugurgujewa. Ƙa'idar Niyuton ta uku kuwa ta ce ƙarfin da babbar ta sa wa ƙaramar daidai yake da wanda ƙaramar ta sa wa babbar, fuskarsu ce kawai ta saɓa. Mai amsa nagari ba zai tsaya ga karanto ƙa'ida ba, domin ɗalibin ya riga ya haddace ta, yarda da ita ce bai yi ba. Sai ya nuna masa cewa idonsa bai yi ƙarya ba, fassarar abin da ya gani ce ta karkace. Ƙa'ida ta biyu ta ce canjin gudu shi ne ƙarfi a raba da kilogiram ɗin jiki. Tun da ƙarfin ɗaya ne, ƙaramar kuma kashi ɗaya cikin goma ce ta babbar, to canjin gudunta ya ninka na babbar sau 10. Wannan mummunan canjin gudu shi ne ke jijjiga mutanen da ke cikin ƙaramar mota.

A wasu lokutan harshe ne ke kawo tuntuɓe. A Hausa kalmar nauyi tana ɗaukar abu biyu da Fiziks ta raba: yawan abin da jiki ya ƙunsa, wanda ake aunawa da kilogiram, da kuma jan da ƙasa ke yi wa jikin, wanda ake aunawa da niyuton. Buhun gero mai kilogiram 50 yana nan kilogiram 50 ko an kai shi duniyar wata. Amma jan da ake yi masa a nan niyuton 490 ne, a wata kuwa wajen niyuton 80, domin jan wata kusan kashi ɗaya cikin shida ne na jan ƙasa. A kan watan ne ɗan sama-jannati David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu tare a 1971, suka dira lokaci guda, saboda babu iskar da za ta tare gashin. Mai amsa da ya san harshen da ɗalibi ke tunani da shi zai fi saurin gano inda aka yi tuntuɓen.

Matsalolin da Ake Fuskanta

Babbar matsala ita ce aikin gida. Da yawa daga cikin masu zuwa zaure amsa suke nema su kwafa, musamman daren da za a miƙa aiki. Idan aka biye musu, zauren ya zama kasuwar satar amsa, malami kuma ya riƙa ganin maki masu kyau a aikin gida da faɗuwa a jarrabawa. Saboda haka Physics Stack Exchange ta kafa doka cewa mai kawo tambaya irin ta aikin gida sai ya nuna ƙoƙarin da ya yi, ya kuma faɗi takamaiman abin da bai gane ba, in ba haka ba a rufe tambayar. Tsarin CAPA ya bi ta wata hanyar: tun da alƙaluman kowa daban ne, amsar abokinka ba za ta yi maka amfani ba, sai dai ya koya maka hanyar da ya bi, wannan kuwa shi ne abin da malami ke so tun farko.

Matsala ta biyu ita ce kunya. Wanda ya fi bukatar taimako shi ne ya fi tsoron tambaya, don kada a ce bai san komai ba. Pooja Sankar ta bayyana cewa abin da ya sa ta kafa Piazza shi ne halin da ta shiga tana ɗaliba a wata babbar kwalejin fasaha a Indiya, inda mata 'yan ƙalilan ne a ajinta, ita kuma tana jin nauyin tambayar maza. Don haka tsarin nata ya ba ɗalibi damar ɓoye sunansa daga 'yan ajinsu. Sai dai ɓoye suna bai isa ba idan masu amsawa suna da gatsali. Amsa guda mai ɗauke da izgili tana iya rufe bakin mutum ɗari da suka karanta ta.

Tarihin kimiyya ya ba mu izina a kan wannan. A 1963 wani ɗalibin sakandare a Tanzaniya, Erasto Mpemba, ya lura cewa haɗin madararsa mai zafi ya riga na abokansa mai sanyi daskarewa a firji. Malaminsa ya yi masa dariya. Bayan wasu shekaru, wani masanin Fiziks daga jami'ar Darussalam, Denis Osborne, ya ziyarci makarantarsu, Mpemba ya sake yin tambayar, 'yan ajinsu suka kwashe da dariya. Shi kuwa Osborne ya koma ya sa aka gwada, kuma a 1969 su biyun suka wallafa sakamakon tare. Masana sun daɗe suna muhawara a kan lamarin. A 2016 wasu masana biyu a Ingila suka yi awo na tsanaki suka ce ba su ga tabbacinsa ba, suka kuma nuna cewa inda aka ajiye ma'aunin zafi a cikin ruwan yana iya sauya sakamako. Ko da wane ɓangare aka ƙare, tambayar yaron da aka yi wa dariya ta sa masana aiki na fiye da shekara hamsin.

Matsala ta uku ita ce amsar kuskure. Maganar da malami ya yi a aji iska na iya ɗauke ta, amma rubutu yana zama, kuma duk wanda ya zo baya zai sha daga gare shi. Don haka zaure nagari yana bukatar mai bi yana dubawa, da kuma al'adar gyara a fili ba tare da jin kunya ba. Wani abin da mai dubawa ba ya sassautawa a kansa shi ne ma'auni. Ɗalibai kan ga tsanani ne idan aka ƙi karɓar "20" sai an ce mita ne ko sakan. To, a watan Satumba na 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars, domin wani rukunin ma'aikata ya ba da alƙaluman ƙarfi da ma'aunin fam, ɗaya rukunin kuma ya ɗauka niyuton ne, alhali fam guda na ƙarfi ya kai niyuton 4.45. Kumbon ya kusanci duniyar fiye da kima, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Matsala ta huɗu ta zo ne a baya-bayan nan. Tun fitowar ChatGPT a watan Nuwamba na 2022, ɗalibi na iya samun cikakkiyar amsa daga na'ura cikin ƙiftawar ido, dare ko rana, ba tare da kunyar kowa ba. Akwai amfani a ciki, amma akwai haɗari iri biyu. Na farko, irin waɗannan na'urori kan yi kuskure cikin lafazi mai daɗi da cikakken tabbaci, ɗalibin da bai ƙware ba kuwa ba shi da abin da zai gane kuskuren da shi. Na biyu, na'ura kan miƙa amsar da aka nema nan take, alhali mun ga a misalin dutse cewa wani lokaci tambaya ce maganin tambaya. Bugu da ƙari, abin da ɗalibi ya tambayi na'ura a ɓoye malami ba ya gani. Zauren aji kuwa madubi ne ga malami: idan mutum talatin suka yi tuntuɓe a wuri guda, ya san abin da zai maimaita a lacca ta gaba.

Kammalawa

Ga ɗalibin sakandare mai shirin shiga jami'a, abin da ya kamata ya fara koya tun yanzu shi ne iya tambaya. Kafin ka kai tambayarka ga malami, ko aboki, ko na'ura, rubuta abu huɗu: abin da aka ba ka tare da ma'auninsa, abin da ake nema, zanen lamarin da kibiyoyin da ke nuna kowane ƙarfi, da kuma layin da ka tsaya a kansa da dalilin tsayawar. "Ban gane lamba ta biyar ba" ƙorafi ne kawai. "Na san gudu sifiri ne a ƙololuwa, me ya sa canjinsa ba sifiri ba ne?" ita ce tambayar da ake iya amsawa. Sau da yawa ma kafin ka gama rubuta abu na huɗu ka ga amsar da kanka. Idan kuma abokinka ya tambaye ka, ka yi masa bayani, domin wanda ya koyar ya karanta sau biyu.

Ga malamai kuwa, babu ko ɗaya daga cikin ƙa'idojin da muka zayyana da ya dogara ga tsadar kayan aiki. Makarantar da ba ta da intanet tana iya ajiye akwati a ƙofar ɗakin gwaji inda ɗalibai za su jefa tambaya ba suna, a riƙa liƙa amsoshi a allon sanarwa kowane mako, a kuma tara su a babban littafi babi-babi domin 'yan baya. A nemi ɗalibi ya nuna ƙoƙarinsa, a amsa a kan lokaci, a hana dariya, a gyara kuskure a fili. Malamin da ya yi haka shekara guda zai ƙare da jerin wuraren da ɗalibansa ke tuntuɓe, kuma da wannan jeri zai shiga aji a shekara mai zuwa.